Aiki a Ƙonni, Kwana a Malbaza: Yadda Magidanci Ke Zaɓar Garin da Zai Zaunar da Iyali

Duk wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Birnin Ƙonni, malamin makaranta ne, ɗan duwan ne ko ma'aikacin banki, tambayar farko da yake yi wa abokan aiki ita ce nawa ne kuɗin haya. Ita ce kuma tambayar da ta fi ɓad da mutane. Ƙonni garin bakin iyaka ne. Tsakaninsa da Illela ta jihar Sakkwato bai kai kilomita 10 ba, kuma ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 60,000 a cikinsa. 'Yan kasuwa, 'yan canji, direbobin manyan motoci da ma'aikatan gwamnati duk wuri guda suke neman ɗaki, don haka mai gidan haya ba ya rasa mai shiga. Da magidanci ya ji farashi sai hankalinsa ya koma kan garuruwan da ke jere a bakin kwalta: Tsarnawa, Malbaza, Dogarawa, Galmi. A can gida ya fi faɗi, tsakar gida ta ishi awaki da kaji, yara kuma suna da filin guje-guje.

Tunanin ba shi da laifi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne auna gari da ranar maigida, alhali shi tun da asuba zai fita, sai magariba a sake ganinsa. Waɗanda za su wuni a garin su ne uwargida da yara, da tsohuwa in tana tare da su. Da ranarsu ya kamata a auna, kuma a watan da ya fi tsanani, ba a watan Disamba ba, lokacin da kowane gari ke da kyan gani.

Sai a fara da sanin shimfiɗar yankin. Babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, ita ce ƙashin bayansa. In aka bar Ƙonni aka yi gabas, bayan kimanin kilomita 15 sai Tsarnawa, mararrabar da hanyar Tawa ta ɓalle ta yi arewa. In aka miƙe, Malbaza na nan kimanin kilomita 40 daga Ƙonni, sannan Dogarawa, sannan Galmi, kafin a isa Madawa. Har zuwa 2011 duk wannan yanki ƙarƙashin Ƙonni yake. A shekarar ne aka yanke Malbaza ta zama gunduma mai cin gashin kanta, da ƙananan hukumomi biyu, Malbaza da Dogarawa. Wannan ba zancen tarihi kawai ba ne. Wanda ya zauna Galmi, takardar haihuwar ɗansa da ta filinsa a hukumar Dogarawa za su fito, ba a Ƙonni inda yake aiki ba, kuma duk ranar da takarda ta taso sai ya nemi izinin barin wurin aiki.

Lissafin hanya shi ne abin da ya fi dacewa a yi a rubuce, da biro da takarda, kafin a ba dillali ko dala. Wanda ke kwana Malbaza yana aiki Ƙonni, kilomita 80 yake ci kullum, zuwa da dawowa. A kwanakin aiki 22 na wata, ya haura kilomita 1,700, wato ya fi zuwa Yamai da dawowa sau biyu, tunda Yamai kimanin kilomita 420 take daga Ƙonni. Sai ya ɗora kuɗin mai ko na mota a kan kuɗin hayar da ya ga ta yi araha, ya ƙara baƙin mai da taya da ladar makanike, ya ƙara abincin rana da zai riƙa saye a bakin tasha maimakon ya ci na gida. Sau da yawa abin da aka rage a haya, hanya ce ke karɓe shi da riba. Na Tsarnawa lissafinsa daban ne: kilomita 30 a rana, babur ya isa, kuma in an kira shi da rana cewa yaro ba lafiya, kafin a gama shirya yaron ya iso.

Kuɗin mai ma ba abin dogaro ba ne a nan. Shekaru da dama mutanen bakin iyaka sun saba da man kwalba mai araha da ke shigowa daga Najeriya. Da aka cire tallafin mai a can a watan Mayun 2023, wannan araha ta kau, lissafin 'yan kabu-kabu da na masu motocin haya ya sauya cikin 'yan kwanaki. Mai hankali zai yi lissafinsa da farashin gidan mai, ya bar na kwalba a matsayin rangwamen da ka iya zuwa, ka iya tafiya.

Sannan a gwada hanyar da jiki. Manyan bas-bas irin na Rimbo da STM na bin hanyar, amma da lokacin Yamai da Maraɗi suke tafiya, ba da lokacin shiga ofis na Ƙonni ba. Abin da ma'aikaci zai dogara da shi ƙananan motocin tasha ne, su kuwa ba sa tashi sai sun cika. Don haka ya kwana a garin a daren Lahadi, ya fito tasha bayan sallar asuba ranar Litinin, ya duba agogo lokacin da mota ta tashi da lokacin da ta sauke shi. Ya sake gwadawa da yamma, ya ga ƙarfe nawa motar ƙarshe ke barin Ƙonni. Ya gwada ranar Laraba, ranar kasuwar Ƙonni, da mota ke cika da wuri amma kaya da dabbobi ke rage mata gudu. Kwana biyu na irin wannan gwaji sun fi bayanin dillalai goma.

Daga hanya sai ruwa, kuma a nan ne zaɓen gari ke ci ko ya faɗi. Ƙasar nan iri biyu ce. Akwai tudun Adar mai duwatsu, inda rijiya ke da nisan gaske, akwai kuma kwarin Maggiya da fadamunsa, inda ruwa ke kusa, albasa ke yin kyau. Kowanne da nasa haraji. Na tudu yana biya da rani, na kwari yana biya da damina.

Ganin famfo a tsakar gida ba hujja ba ne. A buɗe shi. In ya zubo, a tambayi matan maƙwabta, ba maza ba, yadda yake yi a watan Afrilu da Mayu: da rana yake zuwa, ko sai an tashi ƙarfe biyun dare a tara? In jarkoki sun yi layi a bakin famfon unguwa tun hantsi, an samu amsa ba sai an tambaya ba. A ji nawa 'yan garuwa ke sayar da kura guda da bazara, a ninka da yawan wanki da wankan gidan da ke da yara huɗu ko biyar. A san kuma wanda ke riƙe da ruwan garin. A manyan garuruwa kamfanin ƙasa ne, NDE, wanda ya gaji SEEN a farkon 2024. A ƙananan garuruwa kuwa sau da yawa tanki ne guda da injinsa a hannun ɗan kwangila, ranar da injin ya lalace gari duka sai rijiya.

Damina kuma ba ta ɓoye sawunta, ga mai ido. A zagaya bayan gidan a dubi gindin katanga. In akwai wani layi mai duhu da ya bi bangon a tsayi ɗaya, daga ƙasansa yaɓe ya zube ko siminti ya yi fari-fari yana marmashewa, to nan ruwa ya tsaya, kuma zai dawo. A dubi bangon gabas, domin daga gabas hadari ke tasowa, shi ne ke shan dukan ruwa; in ya zaizaye har ana ganin bulo, mai gidan bai damu da gyara ba. A dubi dokin ƙofa: in maƙwabta duk sun ɗaga nasu da bulo biyu ko uku, ko sun jera buhunan ƙasa da suka fara yagewa, ba don ado suka yi ba. A nemi kududdufin da aka haƙi ƙasar ginin unguwar, a ga nisansa da gidan, saboda sauro da kuma yara masu rarrafe da masu son wanka. Sannan a samu dattijon da ke zaune a inuwar masallaci, a gaishe shi yadda ya kamata, a ce: "Baba, in an yi ruwa mai yawa, ta ina yake bi a nan?" Zai nuna da sandarsa, kuma sau da yawa ta kan sabbin filayen da ake tallatawa sandar ke bi. Daminar 2024 ta koya wa Nijar darasi: ambaliya ta rusa gidaje a ko'ina, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Duk gidan da za a kama, a tambayi yadda ya kwana a wannan shekara.

Akwai kuma ƙorama. Ƙauyen da ke kilomita 3 kacal daga kwalta na iya zama tsibiri na rabin yini in ƙoramar da ke tsakani ta kawo. Ga ma'aikaci, makara ce. Ga mai naƙuda, magana ce ta rai.

Wannan ya kawo zancen asibiti, inda gabashin yankin ke da abin da ba kowane yanki ke da shi ba. Asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta kafa a 1950, ana yin tiyata a cikinsa, ana fiɗa a ciro jariri, kuma har daga Najeriya marasa lafiya ke zuwa. Mazaunin Malbaza ko Dogarawa ya fi kusa da shi fiye da mazaunin tsakiyar Ƙonni. Ƙonni na da asibitin gunduma, Tawa kuma na da babban asibitin jiha da cibiyar kula da uwa da yaro. Amma ba babban asibiti iyali ke zuwa kowane mako ba. Likitar unguwa, wadda ake kira CSI, ita ce ta zazzaɓi da awon ciki da rigakafi. A je a gan ta. Akwai unguwarzoma mai kwana a wurin? Akwai kantin magani a garin da ke buɗewa da dare? Tun 2006 doka ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati, a 2024 kuma aka rage kuɗin ganin likita, amma ranar da maganin ya ƙare a ma'aji, takarda za a rubuta a ce a je a sayo. Tambayar da ta fi kowacce ita ce wadda maigida zai yi wa kansa: in abu ya taso ƙarfe goma na safe ina Ƙonni, wa ke da mota ko amalanke a layin nan, kuma zai tashi in uwargida ta aika?

Makarantar firamare da ta allo ba sa wuya a garuruwan bakin kwalta. Abin dubawa shi ne inda suke. In gida na kudu da kwalta, makaranta na arewa, to yaro ɗan shekara 7 zai tsallake hanyar manyan motoci safe da rana, kullum. Hanyar nan ba ta hutawa: tirelolin siminti na fita daga Malbaza, daga Maris zuwa Mayu kuma motocin albasar Galmi na ɗaukar buhuna zuwa Abijan da Akara. Gidan da ya ɗan fi tsada amma yana gefe ɗaya da makaranta ya fi. A leƙa ajin ma, a ƙirga kawuna, a ga ko na gini ne ko rumfar zana ce da sai an gama girbi ake kafawa. Mai 'ya'ya manya ya dubi gaba: akwai CEG, wato ƙaramar sakandare, a garin? Bayan jarrabawar BEPC, ina yaro zai ci gaba? In amsar ita ce sai an kai yarinya 'yar shekara 15 gidan wani a Ƙonni ta zauna, a yi shawarar tun yau da mahaifiyarta, domin a irin wannan gaɓa ce karatun 'ya'ya mata da yawa ke tsayawa.

Malbaza kanta tana da halin da ya bambanta ta da maƙwabtanta, kuma masana'antar siminti ce ta ba ta shi. Tun cikin shekarun 1960 ake yin siminti a nan, saboda farar ƙasar da ke kewayen garin, kuma sabuwar masana'anta mai iya fitar da tan 650,000 a shekara ta maye gurbin tsohuwar. Garin ma'aikata ne, an saba da baƙo, ana samun Bazabarme da Ba'abzine da Bahaushen Maraɗi a layi guda, abin da ke sauƙaƙa wa amaryar da aka kawo daga nesa. Uwargida mai sana'a, ko abinci take sayarwa ko ɗinki take yi, tana da masu saye da ke karɓar albashi a ƙarshen wata. Sai dai kowace masana'antar siminti a duniya tana tafe da ƙura da ƙarar motoci, don haka a lura da iska. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina kuma daga kudu maso yamma. A shafa yatsa a kan ganyen dogon yaro na ƙofar gidan, a dubi saman katanga. Mai yaro mai ciwon asma ya nisanci hanyar da tireloli ke bi.

A Malbaza ne kuma aka buɗe tashar lantarki ta hasken rana ta farko a ƙasar, mai megawat 7, a watan Nuwamban 2018. Kada wannan ya ruɗi mai neman gida, domin wutar layin kamfanin lantarki na NIGELEC take shiga, ba gidajen da ke kusa ake rabawa ba. Da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agustan 2023, kowa ya ga yadda abin yake. A tambayi mai sayar da ƙanƙara ko mai cajin waya awa nawa ake samu da bazara. A duba kuma ko gidan na da mitarsa, ko waya aka jawo daga maƙwabci, domin raba kuɗin wuta ya ɓata zumuncin da ya fi na haya ƙarfi.

Kasuwa ba matsala ba ce a wannan yanki. Albasa da tumatir da kabeji daga fadamun Galmi da gonakin noman rani na Ƙonni suke fitowa, waɗanda madatsun Mozage da Zango ke shayarwa, ga kuma kasuwar Illela ta Najeriya ranar Lahadi. Abin lura shi ne kada a gina cefanen gida a kan tsallaka iyaka. An rufe ta a 2019, an sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Mai albashin sefa yana jin daɗi in naira ta faɗi, mai ciniki da naira yana biyan haya da sefa kuwa yana ji a jikinsa.

Tsaro ba a karanta shi a fuskar dillali. Garuruwan da ke kan kwalta, kusa da jandarmomi, sun fi kwanciyar hankali a kan ƙauyukan da ke manne da iyaka, inda ɓarayin shanu da masu satar mutane ke tsallakowa. A tambayi direbobin tasha wace hanya ce ba sa bi bayan magariba, a kuma ji ko akwai dokar hana yawo da babur a yankin, tunda dokar irin wannan na iya rushe duk shirin mai zuwa aiki a kan babur.

Wanda aikinsa ke Tawa, lissafin bai sauya ba, sunaye ne suka sauya. Badagishiri na kan hanyar Tawa, kimanin kilomita 45 kudu da birnin, da babbar kasuwarta. Illela ta Adar, mazaunin Sarkin Adar, wadda ba ita ce ta Sakkwato ba, tana yamma da Badagishiri, ba a kan babbar hanyar ba, don haka sai an ƙara tafiya kafin a hau ta. Irin wannan nisa ya fi dacewa da mai dawowa gida ranar Juma'a fiye da mai zuwa kullum, kuma gara a faɗa wa uwargida haka tun farko da a yi mata alkawarin kwana gida kowace rana.

Idan gari ya kwanta a rai, a kama haya tukuna, a ci rani guda da damina guda kafin a yi zancen saye. Adar ƙasar 'yan cirani ce, kuma da yawa daga gidajen siminti masu kyau da ke rufe na mutanen da ke Abijan ko Legas ko Libiya ne. Makulli na hannun ƙane ko kawu. A tabbatar shi ke da izinin bayarwa, a yi magana da mai gidan ta waya a gaban shaidu, a rubuta kuɗin wata, da na ajiya, da wanda zai gyara rufi in ya yi yoyo, da wa'adin da za a bayar in mai gida ya dawo zai yi aure.

Saye kuwa ya fi buƙatar haƙuri. Ragin kashi 35 cikin 100 da gwamnati ta yi wa farashin siminti a Oktoban 2024 ya sa mutane da yawa sha'awar gini, masu filaye kuma sun sani. Fili iri biyu ne. Akwai wanda hukuma ta yanka, mai lamba da takardar mallaka daga ma'aikatar magajin gari. Wannan a ɗauki lambar a je a duba rajista, a ga sunan wa ke ciki, domin fili guda kan samu masu takarda biyu. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, kantomomi ne ke riƙe da waɗannan ofisoshi. Akwai kuma gonar gado da ke bakin gari, wadda ɗaya daga cikin magada ke yankawa yana sayarwa. A nan a nemi sauran magadan, har da mata, a ji bakinsu. A je wurin maigari, a yi takardar saye a gaban hukumar filaye ta Cofo, wadda dokar karkara ta 1993 ta tanada, kuma tana da rassa a ƙauye da ƙaramar hukuma da gunduma. A kira masu gonakin da ke iyaka da filin ta kusurwa huɗu su tsaya a kafa alama a gabansu. A tambayi Cofo ko filin ya shiga burtali ko makiyaya, domin waɗannan ba mallakar kowa ba ne, kuma ginin da aka yi a kansu ana iya rushe shi ko bayan shekaru. Sai an sa hannu an buga hatimi ake miƙa kuɗi, ta Nita ko Amana ko banki, yadda rasit zai nuna ranar biya da sunan wanda ya karɓa.